Me ya sa hadarinmu ke tasowa daga gabas, alhali an ce ruwan daga teku yake?

Wani manomi daga yankin Maigatari, a arewacin Jigawa, ya aiko da tambaya mai rassa uku. Ya ce a rediyo yana jin ana cewa ruwan damina daga teku yake zuwa, ta kudu maso yamma, amma shi tun tasowarsa bai taɓa ganin hadarin kirki ya haɗo ta yamma ba, kullum daga gabas ne. Sannan me ya sa mutanen Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Kano, ke gama shuka har su fara noman firi, su kuwa ko yayyafi ba su gani ba? Na uku, me ke sa a yi ruwan farko mai kyau, a yi shuka, sai sama ta ɗauke mako biyu shuka ta ƙone?

Malam, kai da mai rediyo duk gaskiya kuka faɗa. Iskar da ke kawo danshi daban, iskar da ke tuƙo hadari daban. Ɗaya a ƙasa take tafiya, ɗaya a sama, kuma gabansu ba ɗaya ba ne. Saukar da ruwa na Allah ne, abin da za a bayyana a nan sababin da Ya sanya ne, kuma amsar tambayoyinka uku duk a cikinsa take.

Iska tana tashi ne daga inda ta taru ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi. Wurin da rana ta fi gasawa, iskarsa kan yi zafi ta tashi sama, ta bar gurbi, sai ta maƙwabta ta kwararo ta cike. A tsakiyar duniya, wajen layin ikwaita, iska kullum tashi take yi. In ta kai can sama sai ta rabu biyu, wata ta yi arewa wata ta yi kudu, ta je ta sauko a wajen digiri 30, digiri a nan ma'aunin nisa ne daga ikwaita. Iskar da ke saukowa bushewa take ƙara yi, ba ta haɗa girgije, shi ya sa Sahara ta zama Sahara. Da ta taɓa ƙasa sai ta juyo ta nufi ikwaita. Amma duniya juyawa take yi, kuma juyawar tana karkatar da iska zuwa hannun dama a arewacin ikwaita. Saboda haka wadda ta taso daga Sahara, maimakon ta zo mana daga arewa sak, sai ta zo daga arewa maso gabas. Ita ce iskar hunturu. A ɗaya ɓangaren, wadda ta taso daga kudancin Tekun Atilantika tana ƙetare ikwaita sai ita ma ta karkata dama, ta shigo ƙasa ta gaɓar Legas da Fatakwal daga kudu maso yamma, jiƙe sharkaf da tururin teku. Ita ce iskar damina.

Inda waɗannan biyu suka yi karo shi ne mahaɗar iska, wadda a rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, za ka ga an rubuta ITD. Layi ne da ya ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, kuma ba ya zama wuri ɗaya, rana yake bi. A watan Janairu yana can kusa da gaɓar teku, wajen digiri 6 ko 7. Yayin da Sahara ke ƙara ɗaukar zafi sai ta riƙa jawo iskar teku, layin ya yi ta hawa arewa har ya kai wajen digiri 20 a watan Agusta, can gaba da Agadas. Kano tana kan digiri 12, Maigatari ta kusa 13, kowane digiri kuma kilomita 111 ne. In ka raba tafiyar da kwanakin, za ka ga layin yana cin kamar kilomita 7 zuwa 8 a rana. Tsakanin Tudun Wada da Maigatari, kudu zuwa arewa, ya haura kilomita 150. To ka ga kamar mako uku ke nan tun ba a sa komai a lissafi ba, balle ga tudu da duwatsun kudancin Kano da ke taimaka wa iska ta hau ta haɗa hadari. Komawar layin kuma ta fi zuwansa sauri, kuma ku yake fara bari. Damina ta zo muku a makare, ta tafi da wuri. Shi ya sa Doguwa kan samu ruwan da ya haura milimita 1000 a shekara, birnin Kano tsakanin 800 da 900, arewacin Jigawa kuwa sau da yawa 500 zuwa 600.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, har da waɗanda suka yi karatun labarin ƙasa a makaranta. Littattafan da aka rubuta don Turai suna koyar da cewa inda iska biyu suka haɗu nan ruwa yake sauka. A can haka ne, domin iska mai sanyi daga arewa ce ke haɗuwa da mai ɗumi, mai ɗumin kuma ita ke ɗauke da danshi, sai ta hau kan mai sanyin, ta huce, ta zubar da ruwa a kan layin. Iskar yamma ce kuma ke tura musu yanayi, saboda haka daga yamma suke duban hadari. Namu akasin haka ne. Mai danshin ita ce ta fi sanyi da nauyi, sai ta kutsa ƙarƙashin busasshiyar iskar Sahara kamar yadda ake cusa bakin gatari a itace: siririya a gaba, tana ƙara kauri ta baya. A daidai kan layin kaurinta bai taka kara ya karya ba, ga busasshiyar iska mai zafi ta danne ta kamar murfin tukunya. Sai an koma baya kilomita 200 zuwa 400 kudu da layin, inda kaurin danshin ya kai kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan girgije ke samun abin da zai ci ya girma.

Wannan shi ne sirrin bazara. Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu layin ya riga ya wuce kanku, iska ta juya, gumi ya fara, dare ya ƙi barci, tulu ya daina sanyaya ruwa kamar da saboda iskar ba ta shan raɓar jikinsa, gishiri ya fara yin danshi a kwano. Shamuwa ta iso ta fara sheƙa. Kowa ya ce ruwa ya kusa. Ya kusa ɗin, amma bakin gatarin ne kawai ya iso.

Yanzu ga maganar gabas. A saman wannan iska mai danshi, tsayin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, kilomita 40 zuwa 50 a awa. Bambancin zafi tsakanin Sahara da ƙasashen kudu masu laima ne ke haifar da ita, kuma a tsakiyar damina kusan a kan Kano da Jigawa da kudancin Nijar take bi. Can sama da ita, wajen kilomita 12 zuwa 15, akwai wata ma daga gabas, wadda asalinta daga yankin Indiya ne. Girgijen hadari kuwa dogo ne, gindinsa bai fi kilomita ɗaya ko biyu daga ƙasa ba, kansa ya kai 12 har 16. Ƙafarsa ce kawai ke cikin iskar kudu maso yamma, gangar jikinsa duk tana cikin ta gabas. Abincinsa daga teku, linzaminsa a hannun iskar gabas. Ko da ido za ka iya tabbatar da wannan: da hantsi a watan Yuli, dubi ƙananan gizagizai na ƙasa-ƙasa, za ka ga suna tafiya arewa maso gabas, na can sama kuwa suna yin yamma.

Galibin ruwan da muke samu, kashi 80 cikin 100 ko fiye, ba daga ɗan girgijen da ya haɗu a kan gari yake zuwa ba. Jerin hadari ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita, a miƙe kudu da arewa, yana tafiya yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Yakan haɗu da la'asar a kan tuddai, irin su duwatsun Mandara da ke iyakar Borno da Kamaru, ko tsaunin Jos, ko can Darfur, ya kwana yana tafiya. Wanda ya tashi a gabashin Borno da yamma zai iya isowa Haɗeja da Gumel cikin tsakar dare, Kano da asuba. Shi ya sa ruwan dare ya yi mana yawa.

Yadda yake raya kansa shi ne abin lura. Ruwan da ke zubowa daga girgijen yana ratsa busasshiyar iskar tsakiya, wani ɓangare ya ƙafe, ƙafewar ta sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu gaba. Ita ce iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa. Kafin ta zo sai gari ya yi tsit, iskar kudu ta tsaya cak, gabas ta yi baƙi ƙirin, a ƙasan baƙin ka hango jan bango na ƙura. Minti kaɗan sai kaji su shige akurki, ƙofofi su fara bugawa, zafi ya faɗi da digiri 8 ko 10 nan take. Wannan iska mai sanyi tana shiga ƙarƙashin mai danshin da ke gabanta ta cilla ta sama, sabon girgije ya haɗu, shi ma ya zubar, ya sake tura wata iskar. Haka yake ta haihuwar kansa har ya ƙetare ƙasashe. Bayan iska sai ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin awa zuwa awa guda, sannan yayyafi mai laushi na awa biyu ko uku. Yayyafin nan na baya shi ƙasa ta fi sha. Na farkon, a gona mai gangare ko wadda ta yi ɓawo, rabinsa kwarara yake yi ya tafi da taki.

In danshin ƙasa bai yi kauri ba, kamar a watan Mayu, ruwan kan ƙafe tun bai taɓo ƙasa ba, sai a samu iskar da ƙurar kawai. Holoƙo ke nan. Kuma iskar farkon damina ta fi ta Agusta ɓarna, domin iskar tsakiya ta fi bushewa, ƙasa kuma tsirara take babu ciyawa. Tana iya haura kilomita 80 a awa. Magina na da sun san wannan sarai, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe da makuba, ba a kuma cika son ƙofar ɗaki ta kalli gabas ba. Mai rufin kwano ya sani cewa ba turo kwano iska take yi ba, tsotse shi take yi sama, kuma daga kusurwa da baki take farawa. A ɗaure katakon rufi da langa-langa ko rodi da aka binne cikin bango, a ƙara yawan ƙusa a layin baki da kusurwoyi, kada a bar kwano ya zarce bango da yawa ta gabas. Aikin watan Afrilu ne wannan, ba na ranar da gabas ta yi baƙi ba. Ga tsawa kuma, ƙidaya tsakanin walƙiya da ƙara: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar gona, kada a fake gindin bishiyar da ta tsaya ita kaɗai, a sauke fartanya daga kafaɗa.

Iskar gabas ɗin nan ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi kamar tafiyar maciji, kuma kowace lanƙwasa kan ratsa wuri cikin kwana 3 zuwa 5. Wani ɓangaren lanƙwasar yana taimakon iska ta tashi, wani yana danne ta. Shi ya sa a tsakiyar damina za ka ga kamar ruwa na da ranakunsa, a yi yau, a huta kwana uku ko huɗu, a sake. Waɗannan lanƙwasoshi in sun fita teku ta Senegal, wasunsu ne ke girma su zama manyan guguwar da ke afka wa Amurka da tsibiran Karibiyan. A watan Agusta kuwa, lokacin da danshi ya kai iyakar kaurinsa, sai a samu marka, ruwa ba iska ba tsawa, wuni guda ana abu ɗaya. A watan ne kaɗai Kano kan samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara.

Sai tambayarka ta uku, wadda ita ce ta fi cin aljihu. Layin mahaɗar ba tafiyar soja yake yi ba. Yakan ci gaba, ya ja da baya. Ko a yini ɗaya yana hawa arewa da dare da safe, lokacin da iskar damina ta fi ƙarfi, ya koma da rana. Wani lokaci iskar teku kan yi wani yunƙuri na kwana biyu ko uku, danshi ya yi kauri a kanku, hadari ɗaya ya samu ya zubar, sannan iskar Sahara ta sake turo layin kudu. Ruwan gaske ne ya sauka, amma damina ba ta zauna ba. Zamanta sosai a yankinmu yakan biyo bayan wani tsalle da babban yankin ruwa ke yi daga gaɓar teku zuwa arewa wajen ƙarshen Yuni. Kafin nan duk ruwan da aka samu a arewacin Jigawa abin a yi masa kallon tsanaki ne.

Ma'aunin da masu binciken noma a Sahel suka daɗe suna aiki da shi shi ne: a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada a yi fiye da kwana 7 a jere babu ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko kana iya aunawa da kanka. Samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, ka ɗora shi a kan turke a fili, nesa da bango da bishiya, ka daidaita shi kada ya karkace. Da ruwa ya ɗauke ka tsoma rula: zurfin ruwan shi ne milimitar da aka yi. Santimita 2 ita ce milimita 20. Bokiti mai faɗin baki ƙarya zai yi maka, zai nuna fiye da abin da ya sauka, in kuma ka bari rana ta ɗaga ruwan ya ƙafe. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato milimita 20 lita 200,000 ce a kadada. Da jin adadin ka ce ya isa, amma rana da iskar watan Mayu suna iya shanye milimita 6 zuwa 8 a yini daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saman jigawa kuma da azahar yakan haura digiri 50, tsiron gero mai ganye biyu ba ya jure wannan in laima ta janye. Saboda haka bayan gwangwani sai tono: washegari ka haƙa a wuri uku a gonar, in laima ba ta kai taƙi guda ba, wato kamar santimita 20, ruwan bai kai na shuka ba.

Rabi na biyun, wato ko za a ɗauke, babu mai ba ka tabbaci, amma iska tana ba da alama. Kafa sanda da ƙyalle a fili ka duba shi da asuba da kuma azahar. In da asuba yana nuna iska daga kudu maso yamma, da azahar kuma ta koma arewa ko gabas, busasshiya, leɓe na tsagewa, sararin sama ya yi fari-fari da ƙura, to layin yana kanku ne yana kai da komo, danshin siriri ne. In kuwa ta tsaya kudu maso yamma dare da rana har kwana biyar zuwa bakwai, ga raɓa da safe, ga fararen gizagizai suna tasowa tun hantsi suna yin tsayi, danshin ya yi kauri. Haɗa wannan da hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke ba da ranar da ake sa ran faruwar ruwa da ɗaukewarsa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ranar tsakiyar zato ce, ka ba ta mako guda gaba da baya. Malaman gona na JARDA da KNARDA, hukumomin raya aikin gona na Jigawa da Kano, kan samu wannan bayani.

A ganina, wanda ke arewa da Gumel bai kamata ya zuba duk irinsa a ruwan farko ba, kuma bai kamata ya zauna jiran tabbas ba, domin daminarsa ba ta cika wuce kwana 90 zuwa 100 ba. Gero irinsa ba tsada, ga juriya, shi za a yi caca da shi, ko da binne ne, a ajiye rabin iri don ƙari. Hatsarin binne shi ne yayyafin milimita 5 ko 6, wanda zai tayar da ƙwayar ya kasa riƙe ta. Gyaɗa da wake da riɗi da duk irin da aka saya da tsada su jira ruwa na biyu ko na uku. Iri mai saurin nuna, kamar geron sosat da ke isa cikin wata uku, ya fi dacewa da ku. Takin zamani kuma kada ya riga zaman damina. Yuriya da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa mai zafi tashi take yi ta bi iska, wadda aka watsa gab da babban hadari kuma ruwa ya wanke. A sa ta bayan ruwa, ƙasa na da laima, a tona gefen shuka a rufe. Karan bara da aka bari a kwance a gona yana rage yashin da iskar hadari ke watsa wa tsiro ta binne shi.

Shekara da shekara ma ba ɗaya ba ne, kuma dalilin yakan zo daga nesa. In ruwan tekun da ke kudu da mu ya yi ɗumi fiye da kima, bambancinsa da Sahara ya ragu, iskar damina ba ta samun ƙarfin hawa arewa, ruwa ya tsaya wa mutanen kudu. Ɗumamar gabashin Tekun Fasifik da ake kira El Nino ita ma sau da yawa tana rage mana ruwa. Farin 1972 da 1973, lokacin da ruwan Kano na shekarar 1973 bai kai milimita 500 ba, da na 1983 da 1984, duk sun zo ne a zamanin da yanayin tekuna ya juya wa Sahel baya. Daga shekarun 1990 ruwa ya farfaɗo, amma salonsa ya canja, manyan hadura masu zubarwa da yawa a lokaci ɗaya sun ƙaru. Ambaliyar 2022 a Jigawa misali ce. Mai gona a fadamar Ringim ko Auyo ya riƙa sauraron labarin ruwan kudancin Kano, domin abin da ya sauka a can shi ke bin kogin Kano da Challawa ya iso Haɗeja bayan kwanaki, ko da samansa tas take.

Irin mahaɗar Turai mai sanyi da ɗumi ba ta isowa nan, amma muna jin bayanta da hunturu. In ta ratsa Bahar Rum, iska mai sanyi da nauyi kan taru a kan Libiya da Masar, ta kwararo kudu, ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi a Chadi, ta fito da ƙarfi a kan kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi. Farar ƙasar wurin laushi gare ta kamar gari. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan ta tashi sai hazo ya rufe Nguru da Haɗeja da Kano, wani lokaci ba a ganin abin da ya wuce mita 1000, jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Shi ya sa sanyi da hazo ke zuwa kashi-kashi, kwana uku zuwa biyar a yi jaura, sannan a sassauta. Mai tumatir da albasa a fadama ya lura cewa a irin waɗannan kwanaki, duk da sanyin, iskar ta fi shan ruwan ƙasa, domin danshinta da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin 100. Ban-ruwa da sassafe ko da yamma ya fi, kuma feshin magani a jira iska ta kwanta.